Me Ya Kai Mutari Kan Dutse?

Hoton ya iso ran Litinin. Kafin Laraba ya zaga unguwar Birni kaf, har gefensa ya soma dauɗa saboda yawan hannu.

Shekara uku ke nan Mutari yana Faransi, a wani gari da ake ce wa Garanobul, yana karatun aikin samar da ruwa. Yaro ne mai kunya, bai taɓa rubuto wa Lubabatu wasiƙa kai tsaye ba, duk da kayan sa ranarsu na ajiye a gidansu Lubabatu tun kafin ya tafi. Sunan mahaifinta, Malam Bukar, yake sawa a bayan ambulan. Shi kuwa Malam sai ya farke, ya duba sama-sama, ya miƙa mata ya ce, "Karanta wa kakarki." Sannan ya koma bakin zaure ya zauna da carbi, wai shi ba ya ji, alhali kunnensa duk yana tsakar gida.

Kowa ya san don wa ake rubutun. Da ajami yake yinsa, ita ce kuwa mai karatun ajami a matan gidan. Kuma kullum a ƙarshe sai ya ce, "A gaida mutanen gida duka, har da mai tambaya."

Mai tambaya dai ita ce. Tun tana ƙarama ta ishi kakarta Hajja Fatsuma, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarta, da me ya sa kaza, me ya sa kaza. Yanzu shekararta ashirin, sa'anninta na goyo na biyu, amma halin bai bar ta ba.

Wasiƙun baya sun yi wa kowa daɗi. Ya ba su labarin hasumiyar ƙarfe ta birnin Pari, da jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, da wani katafaren gida da annasara ke yin layi don su kalli tsofaffin tukwane fasassu.

"Fasassun tukwane?" in ji Hajja, ta ajiye mazarinta. "Ki ce su zo bayan gidanmu, juji guda ne, kyauta."

Ranar har Malam Bukar sai da dariya ta kufce masa daga zaure.

Amma ta ran Litinin ɗin nan dabam ce. Da hoto ta zo. Malam ya daɗe yana kallonsa kafin ya miƙa wa 'yarsa takardar, kuma bai koma zaure ba, nan ya tsaya a kanta.

Lubabatu ta soma karantawa:

"A bakansin bana, wato hutun makaranta, ni da abokan karatuna huɗu mun fita daji da ƙafa. Kwana uku muna tafiya, kowa da jakarsa a baya da sandarsa a hannu. Mun kwana a bukkar makiyaya bisa ciyawa, mun ci burodi da cuku. Rana ta uku muka kai ƙololuwar wani dutse da girgije ke wucewa ta ƙasansa. Ba mu je neman komai ba. Mun hau, mun duba, mun sauko..."

"Tsaya nan," in ji Malam. "Maimaita."

"Ba mu je neman komai ba. Mun hau, mun duba, mun sauko."

Ya sa hannu ya zare takardar, ya ninke ta ya jefa aljihu, ko ƙarasawa ba ta yi ba. Hoton kuwa ya ajiye shi a gaban mahaifiyarsa.

Lubabatu ta leƙa ta kafaɗar Hajja. Mutari ne, ba shakka. Amma Mutarin da ya bar Damagaram da babbar riga da hula, ga shi nan da gajeren wando, kai ba hula, suma ta taru, ya rame, ga ƙatuwar jaka a bayansa, ya ɗaga sanda yana nuna wani wuri, yana ta washe baki a tsakiyar inda ko bishiya babu. Annasara huɗu na tsaye kewaye da shi, su ma duk haka.

"Inna lillahi," in ji Hajja. "Su mahaukatan can har ƙungiya gare su?"

Malam Bukar bai yi dariya ba. Shi jikan fatake ne, zuriyar Barebarin da suka yi ta kai fata da gashin jimina Tarabulus ta cikin hamada. In maganar tafiya ce, ba ya jin akwai wanda zai koya masa.

"Tahiyar ɗa namiji huɗu ce," ya ce. "Ko fatauci, ko hajji, ko neman ilimi, ko gudun ceton rai. Wanda ya ɗauki jaka da sanda ya nausa daji ba ɗaya cikin huɗun nan, to ba shi ya tahi ba, tahiyar da shi aka yi."

Bai kira sunan abin ba, amma kafin magariba mata sun kira a bakin rijiya. Kurciya. An yi wa Mutari ɗan Sallau majemi kurciya, irin asirin nan da ke sa mutum ya ji garinsu ya fita masa a rai, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya mutu bai waiwayo gida ba. Wasu suka ce ai dama karatun annasara in ya yi yawa kai yake juyawa. A watan da duk gari ke ta gardamar ƙuri'ar "wi" da "no", ta zama da Faransi ko rabuwa da ita, sai ga gajeren wandon Mutari ya ƙwace hirar unguwa.

Lubabatu ta yi kuka ranar, ba ƙarya. Amma ko cikin kukan wata tambaya na ta cizon ta kamar kuɗin cizo. In mahaukaci ne, me ya sa rubutunsa ke nan tsaf, ba ɗigon da ya ɓata? In kuma da hankalinsa, me zai kai mutum kan dutse kwana uku don kawai ya duba?

* * *

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran Talata da la'asar sai ga Sha'ibu bisa kekensa, cikin kaki mai guga har yana ƙyalli. Kumi ne, wato akawu, a buron Kumandan, annasaran da ke mulkin garin, har ana ce masa "Mushe" irin kiran Faransawa, shekara biyu yana zarya ƙofar gidan nan ana ba shi haƙuri. Ba mugun mutum ba ne, sai dai yana son a san ya san abubuwa.

Lubabatu ta fito zaure don Hajja ta ce ba a wulakanta baƙo.

"Lubabatu, wallahi na yi baƙin ciki," ya ce, fuskarsa kuwa ba ta nuna ba. "Ni ban yarda da zancen kurciya ba, mu da muka yi lakwal, karatun boko. Abin da na sani, ɗalibi in ya faɗi jarrabawa yanke mishi bursu ake yi, kuɗin da gwamnati ke ba shi. In aka yanke, ina ɗaki, ina abinci? Sai daji. Kunya ce ta hana shi faɗi."

"Mushe Sha'ibu, su annasara huɗun nan su ma an yanke musu ne?"

Ya ɗan yi tari. "Mai yiwuwa."

"To me suke wa dariya?"

"Ai... hoto ne. In za a ɗauka sai an ce ka yi dariya."

Ta gyara mayafinta ta dube shi sosai, karon farko tun da ya soma zuwa. "Kai da kake aiki da su kullum, don Allah faɗa mini gaskiya. Me ke kai annasara kan dutse?"

Sha'ibu ya gyara kakinsa. Shi dai Kumandan ɗin da ya sani, ko gidan likita za shi, da ke nan kusa, sai an tada mota.

"Wannan ba shi ne muhimmi ba," ya ce. "Muhimmin shi ne, ni ina nan. Ƙafata biyu na Damagaram. Ki yi tunani."

Ya hau kekensa ya tafi. Ta bi shi da kallo, ba haushinsa take ji ba, takaicinta ɗaya, ashe shi ma bai sani ba.

* * *

Ran Laraba da hantsi mahaifinta ya kira ta ɗakin Hajja. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Luba."

"Na'am, Baba."

"Kin san tun fari ba da son raina aka yi wannan magana ba. Ba don ubansa majemi ne ba, ko da yake dangi sun yi ta surutu a kai. Na ce shekara uku, suka ce shekara uku. Ta cika, ya ce a ƙara mishi ɗaya. Ina cikin shawara sai ga wannan. Jibi Juma'a, in an sauko masallaci, zan sa a mayar wa Sallau da kayansu. Mutanen Sha'ibu kuma zan ba su amsa."

Ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Hawaye suka soma zuba, ba ta ko share ba.

"Baba, don girman Allah, a rubuta mishi a tambaye shi. Ko mai laifi ai ana jin ta bakinsa."

"Wasiƙa ta je ta dawo, wata biyu. In ta dawo kuma me zai ce? Akwai mahaukacin da ya taɓa cewa shi mahaukaci ne?"

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Ka ce in bar lakwal a aji uku, na bari. Ka ce in jira, na jira, ana ta yi mini habaici a gidan biki ban tanka ba. Yanzu da ya rage shekara ɗaya tak za a ce in juya? Wallahi in aka mayar da kayan nan zan bi umarninka, amma ban san da wace zuciya zan zauna gidan wani ba, don tawa ba ta nan."

Kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba, amma kowa ya gane inda zuciyar take.

Malam Bukar ya kau da kai. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba zan zuba ido ki tsufa kina kallon hanya ba. Na taɓa gani, ya ishe ni."

Ya tashi ya fita. Lubabatu ta faɗa jikin kakarta tana shessheƙa.

"Hajja, me ya taɓa gani?"

"Ke dai ko a kabari sai kin yi wa Walakiri tambaya," in ji tsohuwar, amma muryarta ta yi sanyi, mazarin ma ya tsaya. "Tashi ki wanke ido."

Matambayi ba ya ɓata, in ji masu magana. Da azahar Lubabatu ta ce za ta sayo wa Hajja auduga, ta karɓo hoton daga maƙwabta, ta zarce rumfar Sarjan Nomau, tsohon soja da ya yi yaƙin annasara a Faransi, yanzu yana sayar da goro a bakin kasuwa. In akwai wanda ya san duwatsun can a garin nan, to shi ne.

Ya karɓi hoton ya nisanta shi da idonsa.

"Kai! Su ne kuwa. Na san su. 'Yata, na hau irin waɗannan, da ƙanƙara har gwiwa, yatsuna biyu can na baro su."

Zuciyarta ta yi fari. "To Baba Sarjan, me ke can sama?"

"Ba komai. Iska ce da sanyi."

"To me ya kai ku?"

"Kaftin ne ya ce mu hau, da bindiga a hannunsa." Ya miƙo mata hoton yana girgiza kai. "Amma wanda ya hau ba a sa shi ba, ba albashi, ba kaftin a bayansa, wallahi a nema mishi rubutu ya sha."

Mutum huɗu ne zaune a rumfar, duk kuwa sun ji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin ta kai gida maganar Sarjan ta riga ta.

* * *

Damagaram gari ne na duwatsu. Manya-manya ne, sulɓaɓɓu, sun tsugunna tsakanin gidaje tun kafin a kafa garin. Akwai wani ƙato a bayan gidansu Lubabatu, wanda tun tasowarta take shanya wanki a gindinsa. Awaki na hawa, mata ba sa hawa, kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba, ita da ke tambayar komai.

Ran Alhamis bayan sallar asuba, gari ya soma haske, ta fito da tsintsiya. Ta dubi dutsen. Gobe ne fa Juma'a. Ta tambayi mai ilimi bai sani ba, ta tambayi wanda ya je bai sani ba. Gani ya kori ji.

Ta jingine tsintsiyar, ta ɗaure zanenta tamau, ta cire takalmi.

Hawan ya fi yadda ta zata wuya. Raɓa ta sa dutsen santsi, sau biyu tana zamewa, gwiwarta ta ƙuje. Ta bi ta hanyar awaki, da hannu da ƙafa, numfashinta na fita sama-sama, tana ce wa kanta, "Luba, in kika faɗo, me za a ce ya kashe ki?" Can dai ta kama wani tudu ta ja jikinta, sai ta ga ba sauran abin hawa.

Ta miƙe tsaye. Iska ta buge ta.

Ashe haka garinsu yake! Shekara ashirin tana cikinsa ba ta taɓa ganinsa ba. Ga fadar sarki, ga masallaci, ga barikin soja bisa nasa tudun, ga Zango can da hayaƙin girki na tashi gida-gida. Lungunan da take ɓata a cikinsu tana yarinya sun zama kamar zanen lalle a tafin hannu. Bayan ganuwa gero ya yi kore shar har iyakar ganinta, tafkunan damina na walƙiya. Daga arewa kuwa wata farar hanya ta miƙe siririya, ta yi ta tafiya har ta shige cikin sama.

Amma ba ɗaya daga cikinsu idonta ya fara nema ba. Gidansu ta fara nema. Ta same shi, ɗan mitsitsi, ga Hajja kamar ƙwaro tana alwala, kuma ba ta san sa'ad da ta ɗaga hannu tana nuna shi ba, ita kaɗai, tana dariya.

Sai ta tsaya cak, hannunta a miƙe. Ta tuna sandar Mutari.

Ta zauna nan ta yi kuka mai daɗi, irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ba ta zo neman komai ba. Ta hau, ta duba, kuma ba ta son saukowa.

Matsalar dutse ita ce, in kana ganin gari, gari ma na ganinka. Wata mata mai daka ce ta fara ɗaga kai ta saki taɓarya. Kafin Lubabatu ta sauko, rabin unguwa na tsaye a gindin dutsen, ana salati.

"Haukan ya biyo wasiƙa!" in ji wata. "Dama na ce a daina karanta takardun nan a gida."

Ranar ba a ga keken Sha'ibu ba. An ce uwarsa ta rantse ba za a kawo mata mai hawan dutse ba.

Malam Bukar bai doke ta ba, bai taɓa ba. Da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube ta ne kawai, da ƙujajjiyar gwiwarta, idonsa ja wur.

"Kin tona mini asiri a garin nan, Luba. Me kika je yi?"

"Na je in ga abin da ya gani, Baba."

"Me kika gani?"

"Na ga gidanmu." Ta ɗago ta dube shi. "Baba, an ce wanda aka yi wa kurciya ba ya son ko jin sunan gida. Ni kuwa da na hau, gida na fara nema, har na nuna shi da hannu. Shi ma a hoton nan wani wuri yake nunawa. Ban sani ba, amma zuciyata na ba ni nan yake nunawa."

Wani abu ya gifta a fuskar Malam, hannunsa ya kai kan aljihu ya dawo.

"Ko ba wanda zai aure ki a Damagaram, gobe kayan nan za su koma."

Hajja Fatsuma ce ta tanka daga kan tabarmarta, ba ta ko ɗago ba.

"Bukar, kai ne yau kake faɗa don an hau dutsen nan? Wa ya cinye gwiwar wandunansa a kai?" Ta juya harshe zuwa Barbarci, abin da ba ta yi sai magana ta kai maƙura. Lubabatu ba ta ji duka ba, amma ta tsinci ƙarshen: "Ni na yi jiran, ba kai ba. Ka taɓa jin na ce na yi nadama?"

Malam ya juya ya fita.

* * *

Ran Juma'a da sassafe kayan na ɗaure a zaure cikin akwati biyu. Lubabatu na shara, idonta a kumbure, sai ta ji muryar mahaifinta a bayanta.

"Ajiye tsintsiyar. Wuce gaba."

Ta zaci wurin malamin rubutu zai kai ta. Sai ta ga ya zaga bayan gida, ya tsaya a gindin dutsen, ya tuɓe takalmi, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa.

"Ba ta nan ba," ya ce, da ta nufi hanyar awaki. "Can santsi gare shi. Biyo ni."

Ya bi ta wata tsaga da ba ta ma lura da ita ba jiya. Dattijo mai shekara kusan sittin, yana haki, amma ƙafarsa na faɗawa daidai inda ya kamata ba tare da ya duba ba. Da suka kai sama bai kalli fada ba, bai kalli masallaci ba. Kai tsaye ya nufi gefen arewa, inda dutsen ya ɗan lotsa kamar turmi, ya zauna a ciki.

Ta zauna daga gefe. Ita da tambaya ke cinta, yau ta haɗiye.

"Shekarata takwas," ya ce, idonsa na kan farar hanyar nan, "mahaifina ya bi ta can da ayari, za su Tarabulus. Ayarin ƙarshe ke nan da ya tashi daga unguwar nan. Ina zaune a nan ina kallonsu. Da suka kai wancan tudun ya juyo, ya kwance rawaninsa ya kaɗa mini. Dama ya ce in na ga damina biyu zai dawo."

Ya gyara zama.

"Kullum da yamma sai na hau. In na hango ƙura in ruga in ce wa Hajja ga su nan. Wani sa'in Buzaye ne, wani sa'in guguwa. Shekara bakwai ina yi. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana ga kabarinsa. Ran da na daina, na rantse ba zan ƙara taka dutsen nan ba, kuma ba ɗana da zai zauna jiran wanda ya yi arewa." Ya share fuska da hannun riga. "Na san ba kurciya ba ce, Luba. Tun ran Litinin na sani. Amma mahaifina ma ya waiwayo. Waiwaye ba ya dawo da mutum."

Hawaye na bin kumatunta, ta matso ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, in yi tambaya ɗaya?"

"Yaushe kika taɓa tsayawa a ɗaya?"

"Da tun ran farko an gaya maka ba zai dawo ba, da ka fasa hawa?"

Malam Bukar ya kafa wa hanyar ido har ta zaci ta yi laifi. Iska na kaɗa gemunsa. Can ƙasa wani jaki ya yi kuka, aka soma jin luguden daka.

"Da na hau," ya ce a hankali. "Wallahi da na hau."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wasiƙar, duk ta yamutse, alamar an sha buɗe ta. Ya miƙa mata.

"Ƙarasa."

Ta buɗe ta nemi inda ta tsaya.

"Mun hau, mun duba, mun sauko. Sai dai kafin mu sauko na tambayi abokaina, ina ne kudu? Suka nuna mini. Na ce to ku ɗauke ni ina nuna can, don a bayan duwatsun nan, da teku, da hamada, akwai wani gari da ba shi da ruwa, akwai kuma wani gida a gindin dutse. Nan ruwa ke ɓulɓulowa daga dutse ba mai sha, na tsaya ina kallo har na ji kunya. Saura damina ɗaya in zo, in Allah ya yarda. A gaida mutanen gida duka, har da mai tambaya."

Ta kifa kanta a gwiwa, ta kasa ci gaba, ba kuma sauran abin karantawa.

"Damina ɗaya," in ji Malam. "A kwance akwatunan nan. In kin rubuta amsa, ki ce tsoho ya ce a aske sumar nan a sa hula, ya ba mu kunya."

Dariya da kuka suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara.

Daga ƙasa muryar Hajja ta taso, tana tsaye tsakar gida ta kare ido da hannu, ga mutanen unguwa sun sake taruwa.

"To madalla! Yanzu mahaukatan sun zama uku!"

Malam Bukar bai kula su ba. Ya dafa dutse ya miƙe daga ɗan ramin da ya zauna, ya kakkaɓe shi da tafin hannu, ya matsa gefe.

"Zo ki zauna nan," ya ce. "Duk dutsen nan ba inda ya fi shi ganin hanya. Na bar miki."